Yadda Na Bi Sawun Sarki Arthur Daga Littafi Zuwa Littafi

A cikin darussan da na ɗauka sa'ad da nake karatun digiri na biyu a fannin tarihi a Ingila, akwai wanda aka keɓe domin koyon tantance madogara, wato yadda mai bincike zai auna nauyin kowane rubutu kafin ya jingina da shi. Aikin ƙarshen zango shi ne a ba kowane ɗalibi sunan wani mutum da ya shahara a bakin jama'a, ya je ya binciko abin da za a iya tabbatarwa game da shi. Ni Sarki Arthur ne ya faɗo a rabona, wanda ake cewa ya jagoranci mutanen Birtaniya wajen yaƙar Saksonawa a wajajen shekara ta 500 Miladiyya. Malamin da ke duba aikin ya gindaya sharaɗi guda, cewa kada in kusanci tambayar ko mutumin ya taɓa rayuwa sai bayan na faɗi wanda ya rubuta kowane littafin da ya ambace shi, da shekarar da aka rubuta shi, da wurin, da wanda aka rubuta dominsa, da kuma shekarun kwafi mafi tsufa da ya iso hannunmu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san wannan hanya, domin sai an duba isnadi ake sauraron matani.

Na yi wa kowace madogara ƙaramin kati guda, na manna dogayen takardu a bangon ɗakina, na ja layi daga shekara ta 400 zuwa ta 1500, domin in riƙa liƙa kowane kati a daidai shekarar da aka rubuta littafinsa, ba shekarar da yake ba da labarinta ba. A farkon layin na rubuta abin da babu gardama a kansa, wato mulkin Romawa a Birtaniya ya kau a wajajen 410, a ƙarni na 5 kuma wasu ƙabilu daga gaɓar tekun arewacin Jamus da Danmak, waɗanda ake haɗawa a ƙarƙashin sunan Saksonawa, suka kafu a gabashi da kudancin tsibirin, ikon 'yan ƙasa, Biritonawa, kakannin mutanen Wales da Cornwall na yau, ya yi ta komawa yamma. Da na gama liƙa katunan sai matsalar ta fito fili tun kafin in nutsa cikin karatu, domin tsakanin ƙarni na 12 da na 15 katuna har hawa kan juna suke yi, amma daga 500 zuwa 800 bangon kusan fayau yake.

Daga baya-bayan nan na faro, ina komawa baya, ina cire duk abin da na iya gano ranar da ya shigo cikin labarin. Wannan sashe bai ba ni wahala ba. Littafin Thomas Malory, wanda Caxton ya buga a 1485, tattara labaran da suka riga shi ya yi. Barden nan Lancelot, da sunan fadar Camelot, da neman ƙwarya mai tsarki, duk a waƙoƙin Chrétien de Troyes, mawaƙin Faransa na ƙarshen ƙarni na 12, suka fara bayyana. Kewayayyen teburin da barade ke zama a gefensa don kada wani ya ce ya fi wani matsayi, Wace ne ya fara ambatonsa a 1155. Shi kuwa teburin katakon da ke rataye a babban zauren Winchester, mai faɗin mita 5.5, an sauke shi a 1976 an auna shekarun katakonsa, aka tarar na ƙarni na 13 ne, fentin da ke kansa kuma a zamanin Sarki Henry na Takwas aka yi shi.

Inda na daɗe shi ne kan Geoffrey na Monmouth, domin littafinsa na tarihin sarakunan Birtaniya, wanda ya kammala a wajajen 1138, shi ne mafarin Arthur ɗin da duniya ta sani. A nan aka fara jera rayuwarsa daga ɗaukar cikinsa a Tintagel ta hanyar sihirin boka Merlin, zuwa cin ƙasashen Ireland da Norway da Faransa, zuwa cin amanar da Mordred, ɗan 'yar'uwarsa, ya yi masa, har ɗauke shi da aka yi da rauni zuwa tsibirin Avalon a shekara ta 542. Geoffrey ya ce daga wani daɗaɗɗen littafi na harshen Biritonawa ya fassaro, wanda Walter, wani babban malamin coci a Oxford, ya ba shi, sai dai har yau ba wanda ya ga littafin. Kwafin rubutun hannu na aikinsa sama da 200 ne suka rage, abin da ke nuna irin karɓuwar da ya samu, amma karɓuwa daban, gaskiya daban. Tun a ƙarnin nasa William na Newburgh ya ƙaryata shi ɓaro-ɓaro, yana tambayar yadda za a yi marubutan dā su yi shiru game da sarkin da aka ɗaukaka sama da Iskandar na Makidoniya. Hujjar William ta gamsar da ni, domin sarkin da ya ci Faransa da yaƙi a ƙarni na 6 ba zai kuɓuce wa alƙalamin Gregory na Tours ba, wanda ya rubuta tarihin ƙasar a cikin wannan ƙarnin.

Kafin in bar ƙarni na 12 sai da na je Glastonbury, a yankin Somerset, inda aka ce an tono kabarin Arthur. A yau kangon majami'ar ne kawai a tsaye cikin ciyawa, da wani allo da ke nuna inda aka sake binne ƙasusuwan a 1278 a gaban Sarki Edward na Ɗaya. Jerin shekarun kaɗai ya isa hujja. A 1184 gobara ta cinye gidan masu zuhudun wurin, a 1189 Sarki Henry na Biyu, wanda ke ɗaukar nauyin sake ginin, ya rasu, a 1191 kuma masu zuhudun suka sanar da cewa sun haƙa ƙasa sun tarar da rarakakken kututture da ƙasusuwan wani ƙaton mutum da na wata mace, tare da gicciyen dalma mai ɗauke da sunan Arthur da na tsibirin Avalon. Gerald na Wales, wanda ya ce ya riƙe gicciyen da hannunsa, shi ya ba da labarin. Gicciyen ya ɓace tun ƙarni na 18, zanensa ne kawai ya rage a bugun 1607 na littafin Camden. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne William na Malmesbury, wanda a wajajen 1125 ya rubuta cewa ba a san inda kabarin Arthur yake ba, daga baya kuma ya zauna a Glastonbury ɗin ya rubuta tarihin gidan, bai ji wani ya ce masa sarkin yana kwance a harabarsu ba. Ga shi kuma sarakunan Ingila na da tasu buƙatar, domin mutanen Wales da Cornwall sun yi imani Arthur bai mutu ba, zai dawo ya ƙwato musu ƙasa, wanda aka nuna ƙasusuwansa kuwa ba ya dawowa.

Da na cire duk waɗannan, katunan da suka rage kafin shekara ta 1100 ba su cika tafin hannu ba. Mafi muhimmanci shi ne Historia Brittonum, wato tarihin Biritonawa, wanda aka rubuta da Latin a arewacin Wales a 829 ko 830, a shekara ta huɗu ta mulkin Merfyn, sarkin Gwynedd, kuma ake danganta shi ga wani Nennius, ko da yake masana da yawa ba su yarda da danganawar ba. Wannan shi ne rubutu na farko mai tabbatacciyar shekara da ya ba da labarin Arthur a matsayin mayaƙin zamanin Saksonawa, tsakaninsa da abin da yake faɗa kuwa akwai shekara fiye da 300. A babi na 56 marubucin bai kira shi sarki ba, cewa ya yi yana yaƙi tare da sarakunan Biritonawa, shi ne jagoran yaƙe-yaƙen. Daga nan ya jera yaƙi 12: ɗaya a bakin kogin Glein, huɗu a kogin Dubglas, ɗaya a kogin Bassas, ɗaya a dajin Celidon, ɗaya a tungar Guinnion inda ya ɗauki hoton Nana Maryamu a kafaɗunsa, ɗaya a Birnin Runduna, ɗaya a kogin Tribruit, ɗaya a dutsen Agned, na ƙarshe kuma a dutsen Badon, inda aka ce mutum 960 suka faɗi a hari guda, kuma ba wanda ya kashe su sai shi kaɗai.

Na shimfiɗa taswira na yi ƙoƙarin sa wa kowane yaƙi alama, kamar yadda ɗaruruwan mutane suka yi kafin ni. Dajin Celidon yana kudancin Scotland, wannan kusan kowa ya yarda. Birnin Runduna ko dai Chester ne ko Caerleon. Sauran kuwa kowane marubuci yakan ja su ne zuwa yankin da yake so Arthur ya fito, na arewa ya kai su arewa, na kudu ya kai su kudu. Akwai tsohon ra'ayi cewa jerin ya samo asali ne daga wata waƙar kirari ta harshen Wales da ta ɓace, domin wasu sunayen suna da amsa-amo iri ɗaya, kuma an san mawaƙan fadar Wales da jera yaƙe-yaƙen ubangidansu. Ko da hakan ne, bai ƙara wa jerin ƙarfi ba, saboda mai kirari ba ya jin nauyin ɗauko nasarar wani ya yafa wa gwaninsa. An yi wani sanannen yaƙi a Chester a wajajen 615, shekaru da dama bayan zamanin da ake ba Arthur, kuma a wasu kwafe-kwafen littafin an sa yaƙin Breguoin, wanda waƙoƙin Wales suka ba wani sarkin arewa mai suna Urien. Masanin tarihi Nicholas Higham ya ƙara da cewa marubucin ya kwatanta Patrick, waliyyin Ireland, da Annabi Musa a babin da ya gabaci wannan, saboda haka mai yiwuwa ne ya tsara Arthur a kan siffar Yusha'u, magajin Musa a fagen yaƙi, domin ya nuna wa fadar Merfyn cewa kakanninsu jarumai ne da Allah ya taimaka.

Har zuwa nan ina tafiya ne a kan zaton da yawancin masu karatu ke yi, cewa akwai wani mayaƙi na gaske a ƙasa, tatsuniya ce ta yi ta taruwa a kansa, in an bi a hankali ana ɓarewa za a iske shi. Abin da ya girgiza wannan zato yana ƙarshen littafin nan na 829, a jerin abubuwan al'ajabi na ƙasar Birtaniya. A can an ce a yankin Buellt akwai tsibin duwatsu, a samansa akwai dutse mai sawun ƙafar Cabal, karen Arthur, wanda ya taka lokacin farautar wani aladen daji mai suna Troynt, kuma ko an ɗauke dutsen an tafi da shi, washegari za a same shi ya koma mazauninsa. An kuma ce a yankin Ergyng akwai kabarin Amr, ɗan Arthur, wanda uban da kansa ya kashe ya binne, kuma duk wanda ya auna tsawonsa ba zai sami awo ɗaya sau biyu ba, wani lokaci ƙafa 6, wani lokaci 9, ko 12, ko 15, har marubucin ya ce shi da kansa ya gwada. Ke nan a rubutu mafi tsufa da muke da shi, Arthur na yaƙi da Arthur na almara tare suka iso, ba wanda ya riga wani. Wani masani, Oliver Padel, ya gina hujja a kan wannan a 1994, ya ce babu abin da zai hana a ce akasin zaton ne ya faru, wato gwarzon tatsuniya ne da sunansa ke manne da duwatsu da tuddai, wani marubuci ya ɗauko shi ya ba shi gurbi a tarihi. Ban ce Padel ya tabbatar da haka ba, amma ya nuna mini cewa idan aka cire al'ajabi daga tatsuniya, abin da ya rage tatsuniya ce marar al'ajabi, ba lallai ya zama tarihi ba.

Kati na gaba shi ne Annales Cambriae, kundin shekaru na Wales, wanda aka harhaɗa a tsakiyar ƙarni na 10. Kwafinsa mafi tsufa yana cikin kundin da ake kira Harley 3859 a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan, an rubuta shi a wajajen 1100, kuma a cikinsa ne har ila yau kwafin Historia Brittonum mafi inganci yake. Littattafan zamani sukan buga cewa kundin ya ce an yi yaƙin Badon a 516, na Camlann kuma a 537, amma da na zauna da hoton shafin na ga babu waɗannan lambobi a ciki. Abin da ke shafin dogayen layuka ne na gajeriyar alamar da ke nufin shekara, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, mafi yawansu ba a rubuta komai a gabansu ba, sai bayan kowace goma a sa lamba. Badon yana shekara ta 72 ta lissafin kundin, Camlann yana ta 93, masu bugawa ne suka mayar da su lissafin Miladiyya, shi ya sa wasu ke cewa 518 da 539. A ta farko an ce Arthur ya ɗauki gicciye a kafaɗunsa kwana uku dare da rana, Biritonawa suka yi nasara. A ta biyu an ce a Camlann Arthur da Medraut, wato Mordred, suka faɗi, kuma aka yi annoba a Birtaniya da Ireland, ba a ma faɗi ko gefe ɗaya suke ko gaba suke yi ba. Gajartar wannan jimla takan sa mutum ya ji kamar wanda ya shaida ne ya rubuta ta, sai dai gajarta salon kundin ne gaba ɗaya, kuma babu hanyar nuna cewa an rubuta ta kafin ƙarni na 10.

Waƙar Y Gododdin, wadda ake danganta wa mawaƙi Aneirin, makoki ce ga mayaƙan da suka taso daga wajajen Edinburgh na yau suka hallaka a Catraeth a wajajen shekara ta 600. A wani baiti an yabi wani jarumi da cewa ya ciyar da baƙaƙen hankaki a kan ganuwa, ko da yake shi ba Arthur ba ne. Da za a tabbatar baitin na shekara ta 600 ne, da ya zama hujja mai nauyi cewa sunan ya riga ya zama ma'aunin jarumta tun a lokacin. Amma littafin da ke ɗauke da waƙar na ƙarni na 13 ne, mutum biyu suka kwafe shi, baitin a hannun ɗaya kawai yake, kuma an san waƙar ta yi ta samun ƙari a bakin mawaƙa. Ko an yarda da tsufansa ma, bai faɗi ko wanda ake kwatancen da shi mutum ne ko gwarzon almara ba.

Sai na iso ga mutum ɗaya tilo da ya rayu kusa da zamanin kuma rubutunsa ya tsira, wato Gildas, malamin coci da ya rubuta littafi kan rushewar Birtaniya a ƙarni na 6. Littafin wa'azi ne mai zafi, ba tarihi ya zauna rubutawa ba, manufarsa ita ce ya nuna wa sarakuna da malamai cewa zunubansu ne suka jawo bala'i. Duk da haka ya ba da tsarin abin da ya faru: Biritonawa sun kai kuka ga wani kwamandan Romawa ba a amsa musu ba, wani azzalumin shugaba da majalisarsa suka gayyato Saksonawa a matsayin sojan haya, suka iso cikin jiragen ruwa uku, daga baya suka juya wa masu masaukinsu suka ƙone garuruwa. Sa'an nan 'yan ƙasa suka farfaɗo a ƙarƙashin Ambrosius Aurelianus, wanda Gildas ya ce daga gidan manyan Romawa ya fito, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi, yau nasara a nan gobe a can, har zuwa ƙawanyar da aka yi a dutsen Badon, wadda ya ce a shekarar haihuwarsa aka yi ta, shekara 44 ke nan. Bai faɗi wanda ya jagoranci yaƙin ba, bai faɗi inda dutsen yake ba, sunan Arthur kuma bai fito ko sau ɗaya ba a littafin.

Auna wannan shiru shi ne sashe mafi wuya a aikin. Masu goyon bayan Arthur suna cewa Gildas mai rowar sunaye ne, kuma gaskiyarsu ne, domin a duk labarin yaƙin Ambrosius kaɗai ya ambata a fili cikin shugabannin 'yan ƙasa. Amma da ya zo kan sarakunan zamaninsa ya kira biyar da sunayensu, har da Maelgwn na Gwynedd, ya wanke su tas. Mutanen ƙarni na 12 ma shirun ya dame su, har suka ƙago labarin cewa Arthur ya kashe ɗan'uwan Gildas, shi kuma don haushi ya zubar da abin da ya rubuta game da shi a teku. Bede, malamin coci ɗan Ingila, wanda ya kammala tarihinsa a 731 yana bin Gildas sau da ƙafa, ya ambaci Ambrosius da Badon bai san Arthur ba, kuma yadda ya fahimci shekaru 44 ɗin ya kai yaƙin wajajen 493, abin da ya saɓa wa lissafin kundin Wales. Na rubuta a katin cewa shirun Gildas bai kore samuwar Arthur ba, amma ya hana a ce shi ne gwarzon Badon, tunda wanda ya fi kowa kusa da yaƙin ya bar mai karatu da sunan wani daban.

Tunda rubutu ya ƙare, sai na juya ga masu haƙar kufai. Na hau tudun Cadbury, kudu maso gabashin Glastonbury, ta wata siririyar hanya mai laka da ta ratsa bishiyoyi daga ƙauyen da ke gindinsa, na ƙetare ganuwar ƙasa hawa huɗu, na fito wani fili mai faɗi inda shanu ke kiwo. John Leland ne a wajajen 1542 ya rubuta cewa nan ne Camelot, kuma akwai ƙauyuka biyu a kusa masu suna Camel, waɗanda wataƙila su suka jawo zancen. Tsakanin 1966 da 1970 Leslie Alcock ya haƙa wurin, ya tarar cewa a ƙarshen ƙarni na 5 an sake ɗaure tsohuwar tungar da ganuwar dutse da katako mai tsawon fiye da kilomita guda, an gina babban zaure na katako, ga kuma fasassun tulunan da aka kawo daga Bahar Rum. A Tintagel ma haka ne, har ma ya fi, domin babu inda aka sami tarin irin waɗannan tuluna na ruwan inabi da man zaitun daga gabashin Bahar Rum da arewacin Afirka kamar can. A 1998 aka tono wani allon dutse a wurin mai ɗauke da sunan Artognou, jaridu suka yi ta yayatawa, amma masu haƙar da kansu sun ce wannan suna daban ne. Abin da ƙasa ta tabbatar shi ne cewa a yammacin Birtaniya a wancan zamani akwai shugabanni masu iko da za su iya tara ɗaruruwan ma'aikata su kuma yi ciniki da ƙasashe masu nisa. Sunan ko ɗaya daga cikinsu bai fito daga ramin ba.

Waɗanda ake cewa su ne Arthur na asali a ɓoye ban ɓata lokaci mai yawa a kansu ba. Lucius Artorius Castus hafsan Romawa ne da ya yi aiki da rundunar da ke York, an san shi ta rubutun kabarinsa a Podstrana ta ƙasar Kuroshiya, yana da sunan, amma ya riga Saksonawa da ƙarni biyu ko fiye. Riothamus, wanda Geoffrey Ashe ya tsaya a kansa, shugaban Biritonawa ne da Jordanes, marubucin tarihin Gotawa, ya ce ya kai mayaƙa 12,000 Faransa a wajajen 470 don taimakon Romawa, Gotawa suka ci shi da yaƙi, yana da zamanin da wani abu na labarin, amma ba shi da sunan. Ambrosius yana da zamanin da abokan gabar, sai dai Historia Brittonum ya ambace shi daban ya ambaci Arthur daban. Kowannensu sai an rufe ido ga wani abu kafin ya dace.

Da na zo rubutawa na tarar cewa hanyar da na bi ita ce wadda fannin kansa ya bi. A 1971 Alcock ya amince da Arthur na tarihi, a 1973 John Morris ya rubuta ƙaton littafi yana ba shi daula, sai a 1977 David Dumville ya fito da maƙalar da ta soki masu cewa ruwa ba ya tsami banza, ya nemi a cire sunan daga littattafan tarihi har sai an kawo shaida ta zamanin. Na kasa sakamakona gida uku. A gidan abin da ya tabbata na sa yaƙin Badon, da Ambrosius, da tungayen yamma. A gidan abin da aka san ranar ƙirƙirarsa na sa Camelot da teburin da kabarin da cin ƙasashen Turai. Arthur da kansa, da yaƙinsa 12, da Camlann, na sa su a gida na uku, na abin da aka faɗa bayan ƙarni uku ko huɗu ba tare da an san ta hannun wa ya biyo ba.

Malamin ya dawo mini da daftarin da tambaya guda a gefen shafi, yana so in ce wani abu game da mutanen da aka raɗa wa suna Arthur a ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7. Tambayar tana da nauyi, domin a wannan ɗan tsakanin an sami mutum huɗu ko biyar masu sunan a gidajen sarauta, cikinsu har da ɗan Áedán, sarkin Dál Riata a yammacin Scotland, da wani a zuriyar sarakunan Dyfed a kudu maso yammacin Wales, bayan haka kuma sunan ya yi ƙaranci na tsawon ƙarnuka. Masu goyon baya suna cewa iyaye ba sa tururuwar sa wa 'ya'yansu suna sai in wani babban mutum ya ɗauke shi ba da daɗewa ba. Na amsa cewa wannan ita ce hujja mafi kyau da suke da ita, amma tana da rauni biyu: gwarzon almara ma ana yi masa takwara, kuma duk waɗannan gidaje masu alaƙa da Ireland ne, alhali gidajen sarautar Biritonawa zalla, waɗanda aka ce ya yi yaƙi dominsu, ba a ga sun ɗauki sunan ba. Ɗan Áedán ɗin dai mutum ne na tarihi ba shakka, domin Adomnán, shugaban masu zuhudun tsibirin Iona, ya ambace shi a tarihin waliyyi Columba da ya rubuta a wajajen shekara ta 700, kuma kwafin da Dorbbéne, wanda ya rasu a 713, ya yi da hannunsa yana nan a Schaffhausen ta ƙasar Suwizalan. Wannan kwafi ya girmi Historia Brittonum da shekara fiye da 100, kuma abin da ya faɗa game da wannan Arthur shi ne an kashe shi a yaƙi da wata ƙabilar arewa mai suna Miathi tun mahaifinsa na da rai, bai kai ga hawa gadon sarauta ba.